Shafi Biyu Zuwa Khartum

Wuta ta ɗauke tun bayan la'asar.
Daga ni sai fitilar waya
da littattafai uku da gumi ya cinye bangonsu.
Wata bakwai ina bin makarantun Mai Wurno
ina rubuta abin da ido ya gani,
yau an ce in matse shi duka
ya koma shafi biyu.
Shafi biyu, ga mutanen wani ofis a Khartum
da ban san fuskarsu ba,
su ma ba su san ƙaurin albasarmu ba
ranar da ake lodinta a bakin kogi.

Na buɗe na fari.
Talata, aji shida, takarda iri ɗaya, minti arba'in.
Mudassir ya maƙale a tambaya ta tara,
mai maganar na'urar hawa bene,
ya ciji fensir har haƙori ya bar shaida.
Yaron da ke lissafa buhu saba'in da ka,
ya cire kuɗin mai fito, ya kasa saura kashi uku,
uban bai gama naɗa rawani ba.
A gefe na sa da jan biro:
ba lissafi ya kayar da shi ba,
benen ne bai taɓa gani ba.

Na biyu, Suwaiba.
Tana karanta tambaya da Larabci,
ta kai ta gida cikin zuci ta warware da Hausa,
kafin ta dawo da amsa
an ce a ajiye alƙalami.
Agogo ba ya jiran tafinta.

Na uku ne ya hana ni barci,
don ya ƙi goyon bayan fushina.
Zinatu, 'yar mai buga tubali,
ba ta da kowa a sama da zai ce a duba ta.
Mudun nan ɗaya da nake zargi
shi ya auna ta da 'ya'yan masu gona,
ta cika shi har ta yi tozo.
Yanzu tana karatu a Wad Madani.
In na ɓoye ta, na yi ƙarya da shiru.

Na rubuta na farko da manyan kalmomi,
kashi kaza cikin ɗari, ma'auni, matsakaici,
na sa masa riga da alkyabba.
Da safe na karanta wa Kaltuma mai shayi
tana fifita gawayi, ba ta ɗago ba.
Ta ce, Malama, na ji ƙidaya,
ina yaran?
Ta miƙo mini kofi, ta manta sukari,
ko da gangan ne, ban tambaya ba.

Na yaga. Na sake zama.
Baƙo ba ya sanin inda rijiya take,
sai ka riƙe hannunsa.
Na faɗa masa mene ne fito,
na faɗa masa wane harshe ake mafarki da shi a nan.
Lamba ɗaya kawai na bari,
kamar gishiri a miyar kuka.
Na sauya sunayen yaran don sirrinsu,
amma na bar shaidar haƙori a jikin fensir.
Shafi ɗari da tara sun koma akwati,
suna harara ta.

Saura gaisuwa.
Ban san ko dattijo ne mai tabarau ba,
ko yarinya sabuwar ɗauka
da za ta karanta a tsaye, motar gida na jiranta.
Na rubuta: Zuwa gare ka, ko gare ki,
kafin ka duba makinsa,
ga wani yaro, ga buhu saba'in,
ga tambaya ta tara.

Ladan ya kira asuba.
Wayar ta ce saura kashi huɗu.