Sawun Kai

Muntari ya share aikin kwana huɗu
da umarni guda, ranar Laraba bayan la'asar,
a ɗakinmu na bene a Aboabo.
Bai yi salati da ƙarfi ba. Ya cire tabarau,
ya goge da bakin riga, ya mayar.
Allon bai sake shawara ba.

Na ce, buga reflog.
Ya ce, ai na karanta bayaninsa sau biyu,
kamar sammacin kotu,
kowace kalma tana nuna wata kalma da yatsa,
ba wadda ta dube ni.

Muka buga. Jeri ya zubo:
nan kai ya tsaya da hantsi,
nan ya hau wani reshe, nan ya ja da baya,
nan kuma, layi na uku, ga aikinsa a kwance
kamar akuyar da aka wuni nema
tana tuƙa a bayan murhu.

Ya tafi gida. Ni na zauna.
Aka ɗauke wuta, batir saura talatin da ɗaya,
janaretan mai ɗinki na ƙasa yana tari.
Na buɗe bayanin nan da ya ƙi duban Muntari.

Kakana Baba Gariba dillalin goro ne a garin nan.
Littafi biyu gare shi.
Babban, na abokan ciniki, tsaf, ko ɗigon tawada babu.
Ƙaramin yana aljihun ciki, ya sha gumi,
a nan yake sa duk inda ƙafarsa ta taka, da ajami:
huhun da ya taya ya fasa,
bashin da ya yafe da safe ya tuna da yamma.
Wannan ba ya barin jikinsa.
In lissafi ya rikice, shi ake buɗewa.

Ban sa Baba Gariba a ciki ba, ba za su karɓa ba.
Amma da hannunsa na rubuta:
wannan jerin na injinka ne kaɗai,
ba ya tafiya in ka tura aiki,
ba ya zuwa in ka kwafo.
Na rubuta cewa sawu ba ya dawwama,
kwana casa'in ne,
talatin ga marayun da babu reshen da ya goya su,
sannan mai shara ya zo.
Na ƙara misali, irin na Laraba,
na sa a ƙarshe: kada ka tsorata.

Bayan kwana biyu amsa ta iso
daga wani da ban san ƙasarsa ba,
ban san ko asuba ce a wurinsa ba.
Ya ce layi na shida ya yi tsawo.
Ya ce kalma ɗaya na juya mata baya, kuma gaskiyarsa.
Ya ce a cire kada ka tsorata,
bayani ba ya rarrashi.

Na yi fushi daga Aboabo har Kejetia,
a cikin mota, gwiwata a bayan wani.
Wajen masu tumatir na huce.
Na cire.
Na matso da misalin sama,
inda ido mai ruwa zai fara sauka.

Aka karɓa. Layi goma sha ɗaya,
sunana ƙarami a gefe, ba wanda zai nema.
Muntari ya kawo koko da ƙosai,
ya manta sukari.

Wani dare wata za ta share nata aikin
a garin da ban taɓa ji ba,
ta buɗe shafin, hannunta na rawa.
Kalmomin da aka cire ba sa nan.
In na iya aikina, za ta ji su.