Jajaye Huɗu da Fingi

Ran da na kwashi adashina
na nufi kasuwar Mafara, Talata ce,
layin kaji, bayan 'yan igiya,
da niyya ɗaya: gidana ya cika da ƙwai.

Anaruwa ya ɗago wata ja ta fiffike,
ya hure gashin ƙirjinta in ga tsoka.
"Wagga ba ta san hutu ba, Malam,
kullum sahe sai ta aje maka ɗai.
Ga noila can in nama kaka so,
ga durgu, ga ta Fulani mai dogon sau,
amma in don faranti ne, ja kawai."

Na ƙirga kuɗi sau biyu, na ɗauki huɗu,
na ƙara zakara mai rosa kamar barkono,
na ɗaure kwando a bayan babur,
ina tafe ina fasa kai.

A gida akwai wata fingi, gadon Inno,
gashi a birkice kamar ta taso daga faɗa,
ido ɗaya da hakiya.
In ta zuba goma sha biyu sai ta tsaya cak,
wata biyu ba ta ba ka komai.

Na ce, "Hajo, Salla na zuwa, tukunya ta gan ta."
Hajo tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Bari dai."

Jajaye sun cika alkawarin Anaruwa.
Sun raina dusar shinkafar injin Nomau,
sai abincin buhu, mai cin aljihu,
amma mai shayin tasha ya san sallamata,
har yakan ajiye mini benci daidai.

Sai lissafi ya hana ni barci:
kowane ƙwai kaza ce da ba ta farka ba.
Na sami fasasshiyar tukunya, na zuba toka,
na shimfiɗa ƙaiƙayi, na jera sha ɗaya,
na kama babbarsu na ɗora a kai.

Ta miƙe, ta kaɗe jiki, ta yi gaba.
Na kife ta da kwando ta kwana.
Da safe biyu sun fashe, ta shanye ɗaya,
tana kallona, baki duk gwaiduwa,
ko kunya babu, ido sarai.

Da magariba fingi ta zo tana ƙurƙur,
ta leƙa tukunya da idonta mai gani,
ta jujjuya su da baki, ɗaya bayan ɗaya,
ba ta tambayi wa ya zuba ba.
Ta buɗe fiffike, ta kwanta tsai.

Sau ɗaya a yini take saukowa,
ta kurɓi ruwa, ta yi birgima a toka,
ta koma da gudu kamar ta bar wuta.
Rosarta ta koɗe, ƙashin ƙirji ya fito.
Daren ashirin na kai kunne bakin tukunya:
ƙyas, ƙyas, wani na ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.
Biyu suka yi baragurbi.
Sauran, jiƙe, suna rawar sanyi, bakwai.

Ran da shirwa ta sauko ta kan ɗorawa
jajaye suka dunguma ƙarƙashin rumbu,
zakara ya riga su shiga.
Fingi ta tashi sama har tsayin danga,
gashi ya watse a tsakar gida.
Duk da haka shirwa ba ta tafi haka nan ba:
shida na ƙirga, na sake ƙirgawa, shida dai.

Jiya Hakilu ya leƙo ta katanga,
wai wace iri zai saya, ya kwashi nasa adashin.
Na nuna masa faranti, na nuna tukunya,
na ce ya tambayi matarsa kafin Talata,
ya yi dariya, bai gane ba sosai.

Salla ta zo, mun ci naman mahauci.
Hajo ba ta tuna mini maganata ba.
Shidan nan yanzu sun fi fingi tsawo,
jajir da su, ba mai gashinta ko ɗaya,
amma in hadari ya taso daga gabas
sai su ruga su cusa mata kai.