Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar Litinin, kasuwa na watsewa,
Kalla mai wake ya tare ni bakin rumfa,
waya a hannu kamar wanda ya kamo ɓarawo.
Ya ce, "Abin nan naki ya ci mini tiya uku.
Na rubuta ƙara, ya mayar mini kara.
Yaushe na fara saida kara?"

Da can irin wannan magana
a kunne take kwana, da safe ta bi iska.
In ce to, in ce gobe,
gobe ta haifi jibi, jibi ta haifi gata,
kukan Hurera mai ƙuli ya hau kan na Bahari direba
har in rasa wa ya fara.
Kaina randa ce mai tsaga,
ana zubawa, tana yoyo.

Yanzu muna da littafi, ba marfi, ba makulli,
kowa ya zo ya karanta aibinmu.

Wuta ta dawo Bagalam ƙarfe tara da wani abu.
Na buɗe kwamfuta, na ba ciwon suna.
Lamba arba'in da bakwai.
Ga abin da aka yi, ga abin da aka zata,
ga abin da ya fito.
Lanƙwasar ƙ tana gutsurewa
in an ajiye lissafi a tsohuwar waya.
Na manna hoto, na kwanta.

Kakata takan ce ƙwaron wake
ba ya tsoron mai buhu, rana yake tsoro.
Ka ƙulle baki don kunyar maƙwabta,
ka kwance da rani ka tarar da gari.
Sai a baza a tabarma tsakar gida,
har kajin wasu su taya ka tsinta.

Da asuba akwai sawu biyu a ƙarƙashin rubutuna.
Sahabi daga Damagaram ya ce,
"Ni ma ɗ ɗina haka take yi,
duba talatin da ɗaya, uwarsu ɗaya."
Muka ɗaure su da igiya guda.
Sai wata da ban san fuskarta ba,
ban san ko garinsu ana shuka gero ba,
ta tambaya, "Wannan harafi mai ƙaho, me yake yi?"
Na ce shi ke raba ƙasa da kasa,
shi ke raba ɓari da bari.
Ta yi shiru kwana biyu.

Laraba da dare ta dawo da yatsa a kan layi ɗaya,
layin da wani ya rubuta shekaru shida baya,
ba da mugunta ba,
bai dai taɓa jin an kira Ɗan Isa ba.
Kalma huɗu ta canza.
Sahabi ya gwada, na gwada,
na gwada kuma a wayar Hurera mai tsagaggen gilashi.
Ƙahon ya tsaya daram.

Aka rufe lambar, amma ba a share ta ba.
Tana nan da kwanan wata da sunayenmu,
kamar tabon sha-tara a bayan mutum,
don wanda zai zo bayanmu da irin ciwon
ya ga inda aka tsaga.

Juma'a na koma wurin Kalla.
Ya latsa, ya duba, ya sake latsawa.
Bai ce madalla ba,
tiya ya cika, ya ɗora mini gyara.
Ina juyawa ya ce, "Af, ranar wata ma
tana tsallake ɗaya in an shiga Madarunfa."

Na ajiye waken a ƙasa.
Na ce faɗa mini a hankali, daga farko.
Goma sha biyu ma tun damina take buɗe,
ba wanda ya gano kanta tukuna.
Wannan ita ce arba'in da takwas.