Tsinken Baba Tanimu

Idonsa ya daina ganin tsutsar kwana ɗaya,
shi ya sa tsinken ya dawo hannuna.
Gindin ɗorawa, bayan Bomo,
na karkata saƙa wajen hantsi.

Ga ta can ƙasan rami,
a lanƙwashe kamar rufu'a.
"Ta bayanta ake ɗauka, Asabe.
Kin juya ta, ta nutse a madararta."

Na haɗiye numfashi.
Ƙoƙon kaki goma sha biyu,
jiƙaƙƙen tsumma a kai,
sai amyar da muka mayar marainiya.

Kwana biyu muka buɗe.
"Nawa suka karɓa?"
Bakwai, na ce, ina jin kunya.

Ya daɗe yana busa hayaƙi.
"Ni da uku na fara."