Kuɗin Abu Ɗaya

Ƙarfe biyu na rana a Ivalo,
gari ya riga ya rufe ido.
Mako huɗu ke nan rana ta yi yaji,
ba wanda ya je biko.

Na shigar da jif ɗina garejin Aatos,
hancinta a lotse, ido ɗaya a tsiyaye,
ga farin gashi maƙale a lagireto.
Ya tsinci gashin, ya murza a yatsu.
Ya ce, "Ta wa?"
Na ce, "Ta Oula. Na ga tsagar kunnen."
Bai ƙara ba. Ya ja ni bayan shago.

Ga su nan jingine da bango,
garkuwar gaba iri uku.
Ya buga ɗaya da sifana, ta amsa kamar ƙararrawa.
"Baƙin ƙarfe, kaurin damtsena.
Za ta sha miki mai, za ta nauyaya sitiyari,
amma in kin yi karo, ke za ki wuce.
Waccan mai ƙyalli kwalliya ce,
ta 'yan birni masu zuwa ɗaukar hoto."

Sai ya buɗe kwali.
Doguwar fitila kamar sanda, haskenta fari fat,
tana hango gobe tun yau.
"Sai dai ba ta zafi," in ji shi,
"ƙanƙara za ta dafe mata fuska,
in kuwa dusa na zuba, ke za ta makantar."
A ƙasan kwalin, wasu biyu masu da'ira,
tsohon yayi, haskensu ruwan zuma,
masu ɗumi kamar tafin hannu,
suna narkar da abin da ya faɗo musu.

Na taɓa ambulan ɗin da ke aljihuna.
Albashin ungozoma ba ya sayen abu biyu.

Daren Talata ne, hanyar Nellim,
wata na naƙuda a ƙarshen daji,
ina sauri, ina ƙirga mintuna tsakanin ciwo da ciwo.
Ban ga barewar ba sai da na ji ta
a gwiwata, a haƙorana.
Oula ya zo a kan babur ɗin ƙanƙara,
ya durƙusa, ya shafa cikinta,
ya daɗe hannunsa na wurin.
Na san wannan shafar. Sana'ata ce.
Na juya baya kafin ya zare wuƙa.

Da na isa, jaririya ta riga ni,
tana tsala kuka a hannun kakarta.
Ɗaya ta zo a daren, biyu suka tafi,
ni kaɗai na san lissafin.

Aatos ya yi tari. "To, Sirkka?"
Na dubi baƙin ƙarfen. Yana da kyau, ban musa ba.
Zai tsare lagireto, zai tsare bamba,
zai kai ni gida da fenti lafiya.
Amma aikinsa ba ya farawa
sai bayan an riga an makara.

Na ce, "Ɗaura min masu ruwan zuman."
Ya ce, "Motar fa?"
Na ce, "Mota ba ta ɗaukar ciki."

Ya ja waya daga batir yana gunaguni,
ya ɗaure ƙusa, ya haska bango,
na ce ya ɗan karkata su waje,
wajen bishiyoyi, inda ake fitowa ba sallama.
Canjin da ya rage bai kai na kofi ba.

Kan hanyar gida, bayan gada ta biyu,
daji ya kunna min nasa fitilun,
bibbiyu, bibbiyu, a gefen dama.
Na taka birki da sauran fili a gabana.
Bakwai suka tsallaka a jere, ba gaggawa.
Ta takwas ta tsaya tsakiyar titi,
numfashinta na tashi cikin haskena,
tana kallona kamar mai bin bashi.

Na kashe rediyo.
Na jira.