Mai Magani Ba Ya Hawa Allo

Mu biyar ne, amma ɗaki ɗaya bai taɓa haɗa mu ba.
Tanimu na Tudun Wada, a shagon ɗinkin wansa,
Ishaya na Wusasa, bayan asibiti,
Baraka na Gyallesu, ta ja bargo bisa kai kamar mai barci,
Mudi na Kwangila, inda tireloli ke tari dukan dare,
ni kuwa Samaru, ɗakin haya,
jikin taga, don nan kaɗai sabis ke sauka.

Sha ɗaya na yi, kowa ya zaɓi jikin da zai shiga.
Tanimu, siriri kamar tsinken tsire,
ya ɗauki ƙaton nan mai garkuwa.
Baraka ta saɓa doguwar bindiga ta hau soro,
ba ka jin bakinta sai ta ce: "Biyu, ta hagu."
Ishaya ya zama inuwa, ya bi lungu yana leƙo mana hanya.
Ni ba a tambayata.
Abin da ya rage a faifai nake ɗauka:
jakar magani,
da 'yar bindigar da ko kaza ba ta jin tsoronta.

Sai Mudi.
Mudi garwashi ne a aljihun riga.
Kafin a ce "mu je" ya tsallake gada,
ya kayar da uku, na huɗu ya kayar da shi,
ya kwanta can inda ƙafata ba ta kaiwa
yana ihu a kunnena: "Likita! Kana ina?"
Ina nan, Mudi, ina ɗinke Tanimu,
wanda ya tare harsashin da aka auno maka.
Sau bakwai aka cinye mu a mako guda.
Sau bakwai ya ce laifin sabis ne.

Daren Laraba aka ɗauke wuta a Tudun Wada.
Muryar Tanimu ta tsinke a tsakiyar kalma,
cajinsa ya ƙare.
Muka tsaya a bakin zagaye na ƙarshe, ƙofa a buɗe ba mai tarewa.
Shiru.
Har kukan sauro nake ji a wayar Ishaya.
Can Mudi ya yi gyaran murya:
"To... ku ba ni garkuwar."

Nauyi ya hana shi gudu.
Karon farko ya ga bayan abokansa,
ya ga yadda Baraka ke jira, jira, kafin ta saki ɗaya,
ya ji Ishaya na ƙirga sawun abokan gaba,
ya ga ni, ina rarrafe tsakanin ganguna,
ina tashin wanda ya faɗi, ina komawa.
Suka yi masa ruwan wuta, bai motsa ba.
Jininsa ya sauka saura ƙiris, na cika shi,
ya sake sauka, na sake cikawa,
kamar mai ɗura randa mai yoyo.
"Kada ka matsa," na ce.
"Ban matsa ba," ya ce, murya na rawa.

Baraka ta ce: "Ɗaya ya rage."
Sannan ta ce: "Babu."

Allo ya fito.
Baraka sha huɗu, Ishaya shida, Mudi biyu,
ni sifili, kamar kullum, a can ƙasa.
Ana yabon tsintsiya da shara,
wa ya taɓa yi wa maɗauri sannu?

Washegari ina teburin mai shayi a bakin titi,
sai ga wani dogo ya sauko daga acaɓa,
yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya.
Da murya na gane shi.
Bai ce na gode ba, ba halinsa ba ne.
Ya dai zauna, ya ce wa mai shayi:
"Soya wa Likita ƙwai uku.
Ka sa albasa da yawa."