Mai Makulli

Don taransifoma na buɗe shi,
ranar da ta yi aman wuta a bakin layinmu na Rikkos,
muka kwana goma sha tara a duhu.
Na ce a tara lamba, a tara kuɗi,
dubu bibbiyu kowane gida.
Zaure ne a cikin waya, ba tabarma, ba buta.
Aka ce, "Nafi'u, kai ne mai makulli."
Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba.

Wuta ta dawo, zaure bai watse ba.
Mutum ɗari biyu da sha ɗaya.
Mansura na tallar atamfa,
Dung na cigiyar akuyarsa mai baƙin kunne,
Malam Tasi'u kullum asuba
da saƙon murya na minti tara,
ƙarshensa: tura wa mutum goma.
Rigimar gida biyu a kan kwata
ta ci saƙo ɗari uku,
kwatar kuwa tana nan tana wari.

Ni ne alƙali, ni ne ɗan doka, ni ne mai shara.
Ina miƙa wa mutum maganin tari a kemis,
ido ɗaya a canjinsa, ɗaya a waya.
Tuwona ya sha sanyin Jos ba adadi.
Zulai ta zo da takarda, "Baba, dubi."
Na ce, "Uhm." Ban ɗago ba.

Sai wata Talata, hoton hayaƙi:
"An fara a Farin Gada!"
Garin nan ya san nauyin "an fara".
Kafin in goge, iyaye sun kwashe yara daga makaranta,
masu keke sun juya, shaguna sun ja ƙofa.
Ashe hayaƙin na wata shekara ne, na wani gari.
Mai turawa ya ce, "Ni ma turo mini aka yi."
Da can bunu ɗaya baki ke zara,
yanzu yatsa ɗaya na kware rufin unguwa.

Daren nan ina goge-goge har ƙarfe biyu
na ji tari ta bayan bango.
Na ji shi Laraba. Na ji shi Alhamis.
Inna Barira ce. Wayarta mai tocila ce,
ba ta cikin ɗari biyu da sha ɗaya.
Ngo Kachollom mai dankali ce ta lura
kwana uku ba a zo an yi mata ƙorafin tsada ba.
Ta rufe buhu, ta buga ƙofa,
ta sa ta a keke sai asibiti.
Ta gaban shagona suka wuce,
ni mai maganin tari.

Ban rushe zauren ba,
ranar da famfo ya kawo ruwa can ake ji.
Amma daga isha'i nake ja masa ƙofa, sai hantsi.
An ce na zama soja.
Mutum bakwai sun fita, Tasi'u ya buɗe nasa.
Wayata a kemis take kwana,
cikin durowa, tsakanin bandeji da rasit.

Kuɗin gyaran kwata da ƙafa na bi.
Abin da da nake yi a minti ɗaya ya cinye mini Asabar.
Gida na huɗu aka tsare ni da gwate mai yakuwa.
A gidan Dung na tarar da akuyar,
ta dawo tuni, har ta haifi biyu,
ba wanda ya rubuta.

Da dare babban yatsana yana motsi shi kaɗai,
yana shafar bargo, yana neman haske.
Ƙanƙara na dukan kwano.
Na kasa kunne ga bango: minshari ne, alhamdu lillahi.

Jiya na tambayi Zulai me ta zana ran nan.
Ta yi shiru, ta dubi sama,
ta ce ta manta.